Kin haɗa wa yara kwamfuta da talabijin, hoto ya ƙi zama daidai? Dakata kafin ki kira mai gyara

 

Wannan makon mun ɗan ajiye maganar zazzaɓi da abincin yaye, za mu taɓa wani abu da ya fara shigowa gidajenmu a Kafin Hausa da Haɗejiya da Auyo da kewaye, wato haɗa ƙaramar kwamfuta da talabijin ɗin falo domin yara su yi karatu. Kada ki ce ina ruwan ma'aikaciyar jinya da wayoyin lantarki. Ruwana idon yaron da zai shafe awa biyu yana ƙura wa dishi-dishin rubutu ido, da kuɗin adashinki da kika zuba a cikin na'urar.

Dalilin da ya sa iyaye ke wannan ɗawainiya sananne ne. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta rufe babin takarda da fensir, jarrabawarta gaba ɗaya ta koma kan kwamfuta. WAEC ma ta fara tata a kwamfuta a 2024 da ɗalibai masu zaman kansu. Duk yaron da ke burin shiga Jami'ar Sule Lamido da ke nan Kafin Hausa, ko Binyaminu Usman Polytechnic ta Haɗejiya, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, sai ya zauna gaban allo ya amsa tambaya 180 cikin awa 2. Wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ko yana da ƙoƙari, fargaba kaɗai za ta cinye masa mintuna masu yawa.

Shi ya sa wata ta sayi ƙaramar kwamfuta mai kamar akwatin sabulu, wata ƙaninta ya kawo mata Raspberry Pi, waccan 'yar mitsitsiyar da aka fara sayarwa a Ingila a 2012 wadda faɗinta bai wuce na katin ATM ba, wata kuma ta samo tsohuwar laftof ta hannu wadda allonta ya fashe. Duk dabara ɗaya ce: tunda akwai talabijin a gida, ba sai an sayi wani allo ba. Dabara ce mai kyau. Sai dai ana jona waya sai murna ta koma ciki. Ko dai allo ya yi baƙi, ko gefen hoto ya yanke, ko rubutu ya zama kamar an shafa masa mai.

Yawancin waɗannan matsaloli ba lalacewa ba ce, rashin fahimtar juna ne tsakanin na'urori biyu, kuma da rimot da linzami za ki gyara su.

Abin da ya kamata ki fara ganewa

Ki matsa kusa da talabijin sosai, za ki ga hoton ɗigo-ɗigo ne ƙanana a jere, kamar ɗinkin hula. Kowane allo yana da adadin ɗigon da aka ƙera shi da shi, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Idan kika ga an rubuta 1920 x 1080, ana nufin ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, jimilla ɗigo miliyan 2 da 'yan kai. Yawancin talabijin masu inci 32 da ke gidajenmu 1366 x 768 ne, wato ɗigo miliyan 1 da ɗoriya, kusan rabin na farko ke nan. Wannan adadi shi ne abin da za ki ga kwamfuta na kira resolution.

To idan kwamfuta ta aiko da hoto mai ɗigo miliyan 2 zuwa allon da ke ɗaukar miliyan 1, dole talabijin ya matse shi. Idan kuma ta aiko da wanda bai kai ba, dole ya ja shi ya cike. A kallon fim ɗin Kannywood ba za ki lura ba, don fuskar mutum ko an ɗan matse ta ana gane ta. Amma siririn rubutu da lambobin lissafi ba sa jure wannan, nan da nan 3 za ta fara kama da 8.

Abu na biyu: duk lokacin da aka kunna kwamfuta, tana tambayar talabijin ta cikin wayar HDMI, ɗigo nawa kake ɗauka? Shi kuma ya ba ta amsa. Masana na kiran wannan bayani EDID. Idan talabijin a kashe yake lokacin da ta yi tambayar, ko wayar ba ta zauna da kyau ba, sai ta yi shaci-faɗi ta zaɓi ƙaramin hoto kamar 1024 x 768 ko ma 640 x 480. Wannan ne ya sa jiya hoto ya yi kyau, yau da aka kawo wuta komai ya tashi lokaci guda sai ya rikice. Don haka ki koya wa yara ƙa'ida ɗaya: talabijin ake fara kunnawa, a sa shi a tashar HDMI, sannan a kunna kwamfuta.

A asibiti ba ma ba da magani sai mun ga alama, kuma ba ma haɗa magani biyar lokaci guda don kada mu rasa gane wanda ya yi aiki. Haka za ki yi a nan. Ki canza abu ɗaya, ki duba, sannan ki matsa. Kafin ki taɓa kowane saiti ki ɗauki hotonsa da wayarki, don ki san inda za ki koma.

Alama ta farko: allo baƙi, ko an rubuta No Signal

Ki leƙa bayan talabijin. Ramukan suna da lamba, HDMI 1, HDMI 2. Ki ga wanda aka soka wayar a ciki, ki danna maɓallin Source ko Input a rimot ki zaɓi wannan lambar daidai. Sau da yawa maganar a nan take ƙarewa.

Idan bai zo ba, ki kashe duka biyun daga soket, ki zare wayar ta ɓangarorin biyu, ki mayar ki tura ta har ƙarshe. Ƙurar hunturu tana cika waɗannan ramuka, danshin damina kuma yana sa su tsatsa, musamman a gidajen da ruwa ya taɓa shiga kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022 a yankin Haɗejiya. Busasshen burushin haƙori ya isa sharewa. Ban da ruwa, ban da allura ko tsinken ƙarfe.

Har yanzu shiru? Ki ari wayar HDMI ta dikodar gidan, wadda kin san tana aiki, ki gwada. Idan hoto ya fito, wayar farko ce matacciya.

Idan laftof ce mai Windows, a danne maɓallin da ke da tambarin taga tare da harafin P. Zaɓi huɗu zai fito a gefe. Ki ɗauki na ƙarshe, Second screen only, ma'ana hoto ya tafi talabijin kaɗai. Idan allon laftof ɗin a fashe yake ba ki ganin komai, ki danne maɓallin tagar, ki taɓa P sau biyu, ki saki, ki jira daƙiƙa kaɗan. In bai fito ba ki maimaita, zaɓin yana zagayawa ne har ya iso kan wanda zai nuna.

Mai Raspberry Pi 4 kuma ta lura, ramin hoto biyu gare ta. A fara da wanda ke kusa da ramin wuta, an rubuta masa HDMI0.

Alama ta biyu: gefen hoto ya yanke

Wannan ita ce ta fi damuna. Hoto ya fito, kowa ya yi murna, amma layin ƙasa na kwamfuta ya nutse, saman ma an gutsure. Manhajojin gwajin JAMB galibi a kusurwar sama suke ajiye agogon da ke ƙirga lokaci, maɓallan gaba da baya da na miƙa amsa kuma a ƙasa. Yaro sai ya shafe wata uku yana gwaji bai taɓa ganin agogo na gudu ba, alhali saba wa agogon nan shi ne rabin amfanin gwajin.

Laifin ba na kwamfuta ba ne. Tsohuwar ɗabi'a ce ta talabijin tun zamanin masu ƙaton baya: yana ɗan zuƙo hoto ya yanke gefe don ɓoye dattin da ke bakin hoton tashoshi. Sababbin talabijin da yawa sun gaji wannan hali.

Ki ɗauki rimot ki shiga Menu ko Settings, sannan Picture, ki nemi Aspect Ratio ko Picture Size. Kowane kamfani da sunan da yake kiran maganin. A LG ana ce masa Just Scan. A Samsung Screen Fit ko Fit to Screen. A Sony Full Pixel. A wasu za ki ga Dot by Dot, ko 1:1, ko kalmar Overscan wadda za ki kashe. Ki guji duk wanda aka rubuta Zoom ko Cinema, su ne ke ƙara yankewa. A wasu talabijin kuma, idan kika shiga jerin Source kika canza sunan tashar HDMI ɗin zuwa PC, yankewar tana ɓacewa da kanta.

Ta yaya za ki san ya daidaita? Ki ja linzami zuwa kusurwa huɗu na allo. Idan kibiyar ba ta ɓace miki a ko'ina ba, kuma kina ganin agogon kwamfuta cikakke a ƙasa, an gama.

Alama ta uku: rubutu dishi-dishi

A kwamfuta mai Windows, ki kai linzami fili inda babu komai, ki danna maɓallinsa na dama, ki zaɓi Display settings, ki gangara zuwa Display resolution. Za ki ga jerin lambobi, ɗaya an rubuta masa Recommended. Ki fara da shi.

Amma ga wani abu da ba kowa ya sani ba. Talabijin masu inci 32 da yawa suna ce wa kwamfuta suna karɓar 1920 x 1080, kuma da gaske suna karɓa, sai dai matse shi suke yi don allonsu 1366 x 768 ne. Ki duba kwalin talabijin ko takardarsa. Idan an rubuta HD Ready ko HD kawai, ki gwada 1366 x 768 ko 1360 x 768, in babu su ki gwada 1280 x 720. Idan an rubuta Full HD, to 1920 x 1080 ne nasa. Ki buɗe shafi mai rubutu ki kwatanta da idonki. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Kada ki ji tsoron gwadawa. Idan kika zaɓi wanda talabijin ba ya ɗauka allo ya yi baƙi, ki cire hannunki kawai. Bayan daƙiƙa 15 Windows zai koma na da da kansa, muddin ba ki danna Keep changes ba.

Sai ki koma rimot. A cikin Picture akwai Sharpness. Sunan yana yaudara, don idan ya yi yawa farin zobe yake zana wa kowane harafi. Ki rage shi sosai. Idan akwai PC mode ko Game mode ki kunna, yana kuma rage jinkirin da ake gani tsakanin motsa linzami da motsin kibiya.

Alama ta huɗu: mutane sun kumbura, ko baƙin layi a gefe

Ki duba wani abu mai zagaye a allon, kamar tambarin Chrome. Idan ya koma kamar ƙwai, an ja hoton. Talabijin na zamani siffarsa 16:9 ce, mai faɗi. Lambobi irin su 1024 x 768 da 800 x 600 na tsohon allo ne mai siffar 4:3. Ki koma Display resolution ki zaɓi ɗaya daga cikin waɗanda na ambata a sama.

Masu laftof su lura: idan aka zaɓi Duplicate, wato hoto ɗaya a allo biyu, kwamfuta tana neman lambar da duka biyun za su iya ɗauka, sai talabijin ya samu hoton da bai dace da shi ba. Second screen only shi ne mafita.

Alama ta biyar: hoto tas, amma rubutu ƙanana kamar tururuwa

A nan ne mutane ke kuskuren rage yawan ɗigo don rubutu ya girma, sai ya girma amma ya dushe. Ki bar yawan ɗigon yadda yake. A wannan shafi na Display settings akwai Scale, ki ɗaga shi zuwa kashi 125 ko 150. A cikin intanet kuma, danne Ctrl tare da alamar tarawa yana ƙara girman rubutu, Ctrl da sifili yana mayar da shi yadda yake.

Alama ta shida: hoto yana ɗaukewa yana dawowa

Abu biyu za ki zarga, waya ko wuta. Wayar HDMI ko dai tana aiki ko ba ta yi, mai tsada ba ta ƙara wa hoto kyau. Gajeriya mai mita 2 ko 3 ta wadatar, kuma kada a lanƙwasa ta a bayan talabijin. Idan kuma lokacin da aka tayar da janareta ko wutar KEDCO ta zo da rauni ne abin ke faruwa, to wutar ce, a sa sitabilaiza. Raspberry Pi 4 tana buƙatar caja mai volt 5 da amp 3. Cajar ƙaramar waya ba ta ɗaukar ta, za ta riƙa mutuwa tana tashi, har katin ajiyarta ya lalace.

Idan hoto ya zo babu sauti, ki danna alamar lasifika a ƙasan allo ki zaɓi sunan talabijin. Wayar HDMI tana ɗauke da hoto da sauti tare. Amma VGA, waccan mai shuɗin kai da kusoshi biyu, hoto kaɗai take kaiwa, sauti sai da tasa wayar daban.

Gaskiya game da tsohon talabijin

Idan naki mai ƙaton baya ne, mai ramuka rawaya da fari da ja, akwai 'yar na'urar da ke juya HDMI zuwa waɗannan wayoyi. Hoto zai fito, yara za su iya kallon bidiyon darasi. Amma karatun rubutu ba zai yiwu ba, don wayar rawaya layi 576 kacal take ɗauka, kuma babu saitin da zai gyara wannan. Kuɗin da za ki sa a na'urar gara ki tara ki sayi ƙaramin allon kwamfuta na hannu. Kuma duk abin da za ki aika a sayo miki, ko a Haɗejiya ko a titin Beirut a Kano, ki ɗauki hoton ramukan talabijin da na kwamfuta ki tura wa ɗan aiken. Kan HDMI kala uku ne, babba da matsakaici da ƙarami, kuma na'urar da ke juya HDMI zuwa VGA ba ta yin akasin haka.

Yaushe za a kira mai gyara? Idan layuka ko baƙin tabo suna nan ko da dikoda aka jona. Idan ana jin sauti amma allo duhu a kowace tasha. Idan ramin HDMI yana girgiɗi kamar haƙorin da zai fita. Waɗannan sun wuce aikin rimot.

Yanzu ga ɓangarena

Hoto ya daidaita, saura zaman yaro. Talabijin da aka liƙa can sama a bango don kallon iyali bai dace da karatu ba, yaro zai wuni da ɗagaggen wuya. A sauko da shi kan teburi mai ƙarfi, saman allon ya zo daidai da idonsa ko ƙasa kaɗan. A inci 32, tazarar mita 1 zuwa 1 da rabi ta yi. A tura shi can jikin bango inda ƙannensa masu rarrafe ba za su jawo waya ya faɗo musu ba. Idan kika ji wuta na ɗan cizon hannu a ƙarfen wayar, a kashe daga soket kafin a soka ko a zare, kuma a kira mai aikin lantarki ya duba wayoyin gidan.

Mai kallon allo yana mantawa da ƙifta ido, shi ya sa ido ke bushewa yana yaji, musamman a iskar hunturu da zafin bazara, lokacin da shirin JAMB ke kankama. Ki koya masa: kowane minti 20, ya ɗaga kai ya kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Kada ya yi karatu a ɗaki mai duhu da allo mai tsananin haske, a kunna fitila, a rage hasken talabijin.

Idan kin gyara komai, ke kina karanta rubutun daga inda yake zaune amma shi yana matsowa, yana ƙanƙance ido, ko yana kukan ciwon kai bayan karatu, to matsalar ta bar talabijin. A kai shi sashen ido na babban asibiti a gwada shi, wataƙila gilashi yake buƙata, kuma gara a gano yanzu da ranar jarrabawa. Don Allah kada a sayo maganin ɗigawa a kemis ba tare da an duba shi ba. Wasu suna ɗauke da sinadarin da ke ɗaga hawan ido idan aka daɗe ana sa shi, kuma ganin da hawan ido ya tafi da shi ba ya dawowa.

Ƙananan kuwa, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce yaron da bai kai shekara 2 ba a nisanta shi da zaman kallon allo, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Kwamfutar ta yayansu ce, kada ta zama mai raino.

Abu na ƙarshe, kada ki bar 'ya'ya mata a baya. In an gama saiti a raba lokaci, ita ma ta zauna ta riƙe linzamin, ta saba da maɓallan A, B, C, D na zaɓen amsa, da N na gaba da P na baya, don zauren jarrabawa ɗaya za su shiga da ɗan'uwanta. Ke ma in sun tafi makaranta ki zauna ki taɓa, ba ta cizo.

Wadda ta bi waɗannan matakai abin bai yi ba, ta rubuto a ƙasa: sunan kamfanin talabijin, inci nawa ne, wace irin kwamfuta, da abin da take gani a allon. Wadda kuma ta ga wani suna daban a saitin nata talabijin ta faɗa mana, wata za ta amfana. Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya sa mu ga amfaninsu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.